Daga kwalejin shekara biyu zuwa jami'a a Kalifoniya: abin da doka ta lamunce wa ɗalibin fiziks da falaki

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai kwalejojin al'umma 116, na shekara biyu, masu buɗaɗɗiyar ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare. Ɗan jihar yana biyan dala 46 kan kowane yunit na karatu. Saboda wannan sauƙin, ɗalibai da yawa masu son fiziks ko ilimin falaki, wato nazarin taurari da sararin samaniya, a can suke yin shekara biyun farko, sannan su nemi tiransifa zuwa jami'a su shiga aji uku kai tsaye. Tsarin ya ɗan yi kama da shigar DE (Direct Entry) da aka sani a Najeriya, sai dai a nan jami'a tana duba kwasa-kwasan da ka yi ɗaya bayan ɗaya, ba takardar shaidar da ke hannunka kaɗai ba.

Jami'o'in gwamnatin jihar gida biyu ne, akwai CSU (California State University) akwai kuma UC (University of California), kowane da rassansa a birane daban-daban. Ƙa'idojinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne mafi yawan ruɗani yake farowa.

Dokar 2010 da digirin tiransifa

A shekarar 2010 majalisar jihar ta zartar da dokar SB 1440, wadda Alex Padilla ya gabatar lokacin yana sanatan jiha, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa mata hannu. Ita ce ta haifar da digirin da ake kira ADT, wato digirin kwaleji na shekara biyu da aka tsara don yin tiransifa. Na fannin kimiyya sunansa AS-T, kuma akwai na fiziks.

Sharuɗɗan samunsa ba su da yawa. Ɗalibi ya kammala yunit 60 na simesta da CSU ke karɓa, ko 90 idan kwalejinsa tana bin tsarin kwata, mai zanguna gajeru fiye da simesta. A cikinsu aƙalla 18 su kasance na fannin da ya zaɓa, kowane kwas da sakamakon C ko sama. Ya gama kwasa-kwasan ilimin bai-ɗaya, wato waɗanda kowane ɗalibi ke yi ko mene ne fanninsa, sannan GPA ɗinsa kada ya gaza 2.0. Wanda ya cika waɗannan, doka ta tilasta wa CSU ta ba shi gurbi a matsayin ɗan aji uku. Idan an ɗauke shi a fannin da reshen ya ayyana a matsayin mai kama da digirinsa, ba za a nemi fiye da ƙarin yunit 60 daga gare shi ba kafin ya karɓi digirin farko, kuma ba za a sa shi maimaita kwas ɗin da ya riga ya ci ba. Ita ma kwalejin an hana ta ɗora masa wasu sharuɗɗa nata na cikin gida.

Wannan kariya ce ta gaske. Kafin dokar, ɗalibai kan tara yunit masu yawa a kwaleji, su isa jami'a a ce musu wani kaso bai shiga lissafi ba. Amma a karanta lamunin da idon basira. Gurbi ne a cikin gidan CSU baki ɗaya. Ba a yi maka alkawarin wani reshe takamaimai ba, ba a kuma yi maka na wani fanni ba. Reshen da masu nema suka yi masa yawa yana da ikon ɗaga GPA ɗin da yake karɓa sama da 2.0 nesa ba kusa ba, kuma idan bai ɗauke ka ba sai a tura takardunka wani reshen da ke da wuri, ko da yana ɗaya ƙarshen jihar. Dokar kuma ba ta ɗaure UC ba.

Mai son falaki ya lura da wani abu: babu ADT na falaki. Hanyarsa ta fiziks ce. Jami'ar San Diego State, ɗaya daga rassan CSU, tana da digirin falaki da ɗakin hangen taurari a dutsen Laguna, amma ko reshe ya ɗauki AS-T na fiziks a matsayin mai kama da digirinsa na falaki, wannan hukuncin reshen ne. A tabbatar da shi tun kafin a cika fom, domin lamunin yunit 60 ɗin nan a kansa ya rataya.

Kwas shida, da sarƙar da ta ɗaure su

A tsarin da aka daɗe ana bi, ginshiƙin AS-T na fiziks kwas shida ne. Uku na lissafi, masu lambar bai-ɗaya MATH 210, 220 da 230, wato kalkulas na ɗaya, na biyu da na uku mai canje-canje da yawa. Uku na fiziks, PHYS 205, 210 da 215, kowanne da aikin ɗakin gwaji: na farko motsi da ƙarfi, na biyu lantarki da maganaɗisu, na uku haske da fiziks na zamani da abin da ya rage. A mafi ƙaranci yunit 24 ke nan, ko da yake kwalejoji da yawa suna ba kalkulas yunit biyar-biyar.

Wahalar ba a yawansu take ba, a jerinsu take. A yawancin kwalejoji ba a shiga fiziks na farko sai an ci kalkulas na ɗaya, ba a shiga na lantarki sai da kalkulas na biyu. Don haka jadawalin shekara biyu fuska ɗaya kawai yake da ita: kalkulas na ɗaya a simestar farko, na biyu tare da fiziks na motsi a ta biyu, na uku tare da lantarki a ta uku, fiziks na ƙarshe a ta huɗu. Babu wurin tuntuɓe. Wanda ya fara da lissafin share fagen kalkulas, ko ya faɗi kwas ɗaya a cikin sarƙar, ya ƙara simesta, wani lokaci shekara cur, domin ƙananan kwalejoji kan buɗe fiziks na uku sau ɗaya kacal a shekara. Shekara uku a kwaleji ba abin kunya ba ne ga ɗalibin fiziks, kuma ta fi gaggawar da za ta bar shi da C a kalkulas na biyu, kwas ɗin da sauran karatun duk suka jingina a kansa.

Akwai kurakurai uku da ake yawan maimaitawa.

Na farko, ɗaukar fiziks ɗin da ba shi ba. Kwalejoji suna da jeri biyu, ɗaya mai dogara da aljebra wanda aka tsara wa ɗaliban fannin lafiya da halittu, ɗaya mai dogara da kalkulas na masana kimiyya da injiniyoyi. Sunayensu a jadawali kan yi kama da juna. Na aljebra ba ya cike sharaɗin digirin fiziks, kuma wanda ya yi duka biyun, UC ba ta ƙirga masa su duka.

Na biyu, raba jerin tsakanin kwalejoji biyu. Wata kwalejin tana koyar da zafi da igiyoyin motsi a kwas na farko, wata a na biyu, wata sai a na uku. Ɗalibin da ya yi na farko a nan, na biyu a can, zai iya maimaita babi ɗaya sau biyu, ya tsallake wani gaba ɗaya, kuma yarjejeniyar jami'a sau da yawa jerin take karɓa a dunƙule. Matsalar ta fi tsanani idan ɗaya kwalejin simesta take bi, ɗayar kwata. Kwalejojin De Anza da Foothill, alal misali, dukansu kwata suke bi. Yunit ɗaya na simesta daidai yake da ɗaya da rabi na kwata, amma babukan ba sa rabuwa da wannan lissafin.

Na uku ya fi shafar masoya taurari. Kwas ɗin gabatarwa ga falaki da ake yi a kwaleji, mai hotunan duniyoyi da fita kallon sama da dare, an tsara shi ne don ɗaliban da ba na kimiyya ba. Yana da daɗi, yana kuma cike gurbin ilimin bai-ɗaya, amma galibi ba ya shiga sharuɗɗan digirin falaki, ga shi fiziks ya riga ya cike wannan gurbin. Falakin jami'a fiziks ne da lissafi da rubuta manhaja. Idan akwai ragowar yunit uku, kwas ɗin koyon Python, harshen rubuta manhaja, ya fi amfani.

Ilimin bai-ɗaya bayan dokar 2021

Da can tsari biyu ake bi, ɗaya na CSU kaɗai, ɗaya kuma wanda CSU da UC duka ke karɓa. Dokar AB 928 ta 2021, wadda Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu, ta ce a haɗe su, aka samar da Cal-GETC da ya fara aiki a zangon kaka na 2025. Kwas 11 ne, yunit 34: uku na Ingilishi da suka haɗa rubutu, tunani mai zurfi da magana a bainar jama'a, ɗaya na lissafi, biyu na fasaha da adabi, biyu na zamantakewa, biyu na kimiyya, ɗaya kuma na nazarin ƙabilu. Kowanne sai da C. Kalkulas da fiziks suna cike gurbi biyu a lokaci guda, wajen yunit bakwai, don haka 24 da 34 idan an cire bakwai ya zama 51. Yunit tara suka rage a cikin 60, kuma yadda aka kashe su yana da muhimmanci ƙwarai, kamar yadda za a gani a batun UC. Wanda ya fara karatu kafin kakar 2025 bai yanke ba, yana iya ci gaba da tsohon tsarin, amma ya sa mai ba da shawara na kwalejin ya tabbatar masa a rubuce.

UC da nata ƙa'idojin

Mafi ƙarancin abin da UC ke nema shi ne yunit 60 da ita take karɓa, GPA 2.4 ga ɗan jiha, 2.8 ga wanda ba ɗan jiha ba, da kwas bakwai: biyu na rubutun Ingilishi, ɗaya na lissafi, huɗu daga aƙalla fannoni biyu. Yunit ɗin da aka yi bisa tsarin ci ko faɗi kada su wuce 14. Ba ta ƙirga fiye da yunit 70 na kwaleji, ko da yake darasin da aka yi bayan haka yana cike sharaɗin fanni.

Waɗannan lambobi izinin shiga layi ne kawai. Sassan fiziks suna duba shirin fanni, kuma jerin da UC ke ba da shawara ya wuce kwas shidan nan: akwai liniya aljebra, akwai difarenshiyal ikweshan, akwai kemistiri. Ɗalibin da ya tsaya a kan kwas shida zai iya riƙe digirinsa halal malak, ya isa aji uku ya tarar ana fara makaniks mai zurfi da fiziks na kwantam da lissafin da bai taɓa gani ba. Wannan ne babban giɓin da ke tsakanin cika sharaɗin doka da kasancewa a shirye, shi ya sa yunit taran nan suka fi dacewa da waɗannan kwasa-kwasan lissafi biyu, ko da CSU mutum ya nufa.

UC tana da nata lamunin, sunansa TAG, kuma shi na reshe takamaimai ne. Rassa shida ke ba da shi: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley, UCLA da reshen UC na San Diego ba sa ciki. Ga mai son falaki Santa Cruz ba ƙaramar dama ba ce, domin a can ne hedikwatar da ke kula da ɗakin hangen taurari na Lick take. Ana neman TAG na reshe ɗaya tak, daga 1 zuwa 30 ga Satumba, shekara guda kafin tiransifa, bayan an riga an kammala yunit 30. Kowane reshe da GPA ɗin da ya gindaya, sama da 2.4. TAG ba ya maye gurbin fom ɗin shiga, wanda ake miƙawa daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma fannin da aka rubuta a duka biyun dole ya zama ɗaya. A Janairu sai a sabunta sakamakon zangon kaka. Ma'ana, ana yanke hukunci a kan ɗalibi ne tun bai yi fiziks na uku ba, shi ya sa sakamakon shekarar farko ya fi kowanne nauyi. Tayin kuma mai sharaɗi ne: wanda ya ajiye kwas ɗin da ya ce zai yi a zangon bazara, ko ya samu D a cikinsa, ana iya janye masa gurbin.

Inda ake duba gaskiyar magana

Rumbun hukuma na yarjejeniyoyin kwas shi ne shafin intanet na ASSIST. A zaɓi kwaleji, a zaɓi reshen jami'a, a zaɓi shekarar karatu, sannan a buɗe shafin fannin. Kwas yana iya zama karɓaɓɓe a matsayin yunit, amma bai yi daidai da kowane sharaɗin fiziks ba. Shafin fanni ne kaɗai ke nuna wannan bambancin. Yarjejeniyoyin suna canzawa shekara-shekara, don haka a ajiye kwafin na shekarar da aka yi kwas ɗin, tare da manhajar darasin da rahotannin ɗakin gwaji, saboda sashe kan nemi ganinsu idan an yi jayayya.

Ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje da bizar F-1 yana da ƙarin ɗawainiya. Kuɗin yunit ɗinsa ya ninka na ɗan jiha sau da yawa. Dole ya riƙe aƙalla yunit 12 kowace simesta, kuma kwas ɗaya ne kawai na intanet ke shiga cikin wannan adadin, don haka ajiye kalkulas a tsakiyar zango ba tare da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba yana iya taɓa matsayin bizarsa. Lokacin tiransifa kwalejin ce ke miƙa bayanansa na SEVIS, rajistar gwamnatin Amurka ta ɗaliban ƙasashen waje, ga jami'a, jami'ar kuma ta ba shi sabuwar takardar I-20, wadda ke shaida matsayinsa na ɗalibi. Wanda ya taɓa yin ko da simesta ɗaya a wata jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a gida, wajibi ne ya bayyana ta a fom, ko sakamakon bai yi kyau ba. ASSIST ba ya ɗauke da kwasa-kwasan ƙasashen waje, jami'ar ce za ta auna su da kanta, kuma ɓoye su dalili ne na soke gurbin ko bayan an fara karatu.