Rubutu ɗaya, furuci biyu: tambayoyi kan wasu kalmomin Turanci

Da gaske ne kalma ɗaya a Turanci kan yi furuci biyu?

A ido ne kawai take ɗaya. Ga "lead": in jagoranci ake nufi, sai a ja wasalin a ce "liid". In kuwa dalma ce, wadda gubarta ta hallaka yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, "led" ake cewa. Tun a tsohon Turanci kowace asalinta daban, rubutu ne ya haɗa su. Haka "wind": iska "wind" ce, naɗe zare kuwa "waind". "Tear" ma, hawaye "tiya", yaga "teya".

Me ya jawo wannan ruɗani?

Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. Tsakanin wajajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci sun sauya furuci ƙwarai, a daidai lokacin da rubutu ke daidaituwa, musamman bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476. Sai aka ci gaba da rubuta kalmomi da yawa yadda kakanni suka faɗe su, alhali jikoki sun daina faɗarsu haka.

To "record" da "present" fa? Ai ma'anoninsu ba su yi nisa ba.

Waɗannan wani rukuni ne, kuma sukan kayar da ɗalibai a jarrabawar furuci ta WAEC. Wurin da ake danna murya ne ke canzawa. In suna ce, gaɓar farko ake ƙarfafawa: REcord, wato bayanin da aka adana, PREsent, kyauta. In aikatau ce, ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu: reCORD, naɗar murya, preSENT, gabatarwa. Ƙa'idar tana aiki a "object" da "produce", amma kada a ɗora ta a kan kowace kalma: "answer" ba ta motsi ko suna ce ko aikatau.

Yaya mai karatu zai gane wadda ake nufi?

Yadda Bahaushe ke bambance garin Kano da garin tuwo, ko kukan yaro da miyar kuka, ba tare da an sa masa alamar tsawon wasali ko ta karin sauti ba. Maƙwabtan kalma su ke tona ta. Shi ya sa, a ganina, haddace jerin kalmomi ba ya wadatarwa; gara ido ya riga baki zuwa ƙarshen jimla. A "I read it yesterday", kalmar ƙarshe ce ke nuna aikin ya wuce, don haka "red" za a ce, ba "riid" ba.