Tsokana da ramuwa a wasan yara: abin da Doka ta 12 ta ce

Tun da aka ba wani yaro jan kati a gasar 'yan ƙasa da shekara 15 ta unguwarmu, maganar da ke yawo a majalisa ita ce alƙalin wasa ya ci zalinsa, domin zagin uwarsa aka fara yi. Har na ji wani koci yana gaya wa yaransa wai doka ta yarda ka rama idan an tsokane ka. Babu wannan a cikin doka ko kaɗan.

Dokokin ƙwallo guda 17 hukumar IFAB, mai tsara dokokin wasan a duniya, ce ke rubuta su, kuma Doka ta 12, wadda ta shafi laifuka, ɗaya ce ga yaro da babba, ga 'yan benci da masu horarwa.

Duk wanda ya kai wa ɗan'uwansa naushi, hauri ko karo da kai alhali ba ƙwallo suke jayayya a kanta ba, hukuncinsa jan kati ne. Wurin da ke rikita mutane shi ne, ko dukan bai same shi ba, yunƙurin kaɗai ya isa. Mun gani da idonmu ranar 17 ga Yuni 2010 a Bloemfontein, a gasar Kofin Duniya ta Afirka ta Kudu. Najeriya na gaban Girka da ci ɗaya, ƙwallo ta fita waje, Torosidis na Girka ya ɗan tunkuɗo Sani Kaita, shi kuma Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa hauri. Da ƙyar ta taɓa cinyarsa, amma alƙalin wasa Oscar Ruiz ya zaro ja a minti na 33, aka tashi 2 da 1 an cinye mu.

Shi ma mai tsokanar doka ba ta ƙyale shi ba. Ashar da kalaman cin mutunci, da baki ko da alamar hannu, jan kati ne kai tsaye, ba gargaɗi ba. Gwalo da rawar tsokana bayan cin ƙwallo kuwa katin gargaɗi ne. Matsalar ita ce alƙali ba ya hukunci sai da abin da ya gani, ko ya ji, ko mataimakansa suka shaida masa. Zagi raɗa ne a kunne, hauri kuwa duk fili ya gani. Haka Zidane ya fita da jan kati a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2006 bayan ya yi wa Materazzi karo da kai, Materazzi da ya zage shi kuwa ya ƙarasa wasansa, sai daga baya FIFA ta dakatar da shi wasa biyu.

A nan ne raina ba ya kwanciya. Yaro ɗan shekara 13 da aka zagi mahaifiyarsa, muna neman ya haɗiye abin da ya gagari Zidane. Shi ya sa nauyin ya koma wuyan alƙali: da ya ga an fara taka ƙafa ana jan riga ana harara, ya busa usur, ya kira su biyun da kyaftin ɗinsu, ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Tun 2017 IFAB ta ba wasannin yara damar fitar da ɗan wasa na ɗan lokaci idan ya yi laifin gargaɗi, minti 10 a wasan minti 90, ya huce sannan ya dawo. Sai dai alƙali ba ya ƙirƙiro wannan a tsakiyar fili, dole masu shirya gasa su sa shi cikin ƙa'idojinsu tun kafin a take wasan farko. Bai kuma shafi wanda ya riga ya kai duka ba.