Mene ne izinin gini, kuma me ya sa takardar fili ba ta wadatarwa?

Da zarar an ji labarin rusau, ko an ce wani bene ya rufta, maganar farko da ke fitowa daga bakin jami'ai ita ce ginin ba shi da izini, ko kuma an saɓa wa izinin da aka bayar. Shi kuwa mai ginin sai ka gan shi yana ɗaga takarda a gaban 'yan jarida, yana cewa ga shaidarsa har da sa hannun gwamna. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, takardun da suke magana a kai ne suka bambanta.

Wadda mai ginin ke ɗagawa ita ce shaidar mallakar fili, wadda aka fi sani da C of O. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, shi kuma ya ba mutum haƙƙin zama a kai, yawanci na shekara 99. A Kano hukumar KANGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Abin da takardar ke tabbatarwa shi ne filin a hannunka yake, kuma ga abin da aka ba ka shi ka yi: gidan zama, kasuwanci, masana'anta ko makaranta. Ba ta ce komai ba game da hawa nawa za ka yi, ko ina katangarka za ta tsaya.

Izinin gini kuwa amincewa ce a rubuce daga hukumar tsara birane cewa wannan zanen, a kan wannan filin, don wannan amfanin, an yarda a gina shi. Sharuɗɗa uku ke nan, kuma idan ɗaya ya sauya izinin bai rufe abin da aka gina ba. A Kano hukumar KNUPDA ce ke bayar da shi, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na Babban Birnin Tarayya. Legas ta raba aikin biyu: LASPPPA ta amince da zane, LASBCA ta bi ginin mataki-mataki. Abin da ake miƙo maka a ƙarshe wasiƙa ce da kuma zanenka da aka buga wa hatimi a kowane shafi. Wannan zanen mai hatimi shi ne ainihin izinin, kuma ya kamata kwafinsa ya zauna a wurin aiki.

Tushen tsarin dokar tsara birane da yankuna ce mai lamba 88 ta 1992. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ikon tarayya ya tsaya a Abuja. Shi ya sa kuɗin da ake biya da takardun da ake nema suka bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma abin da ɗan'uwanka ya yi a Kaduna ba lallai ya yi maka aiki a Katsina ba. Duk da haka jihohi da dama sun gina nasu dokokin a kan ta 1992. A cikinta ne aka ce izini na shekara biyu ne, wanda bai fara aiki ba a cikin wa'adin sai ya koma an sabunta masa.

Ginin kasuwanci ya fi na zama tsanani, kuma dalilin a fili yake. Gidanka iyalinka ne a ciki. Plaza kuwa, ko otal, ko asibiti, ko zauren biki, ɗaruruwan mutanen da ba su san yadda aka gina shi ba ne za su riƙa shiga suna fita. Saboda haka hukuma takan tambayi abubuwan da ba ta cika tambayar mai ɗaki uku da falo ba. Ina motocin masu sayayya za su tsaya, ko a kan titi za su jeru? Matakala nawa ce, kuma idan gobara ta tashi a ƙasa ta ina na sama za su sauko? Ina banɗakuna, ina sokawe, ina ruwan sama zai bi ya faɗa kwalbati? Akan nemi amincewar hukumar kashe gobara. Dokar 1992 ta ce mai gina masana'anta, ko ofisoshin da suka wuce hawa huɗu ko suka zarce murabba'in mita 5,000 na wurin haya, sai ya kawo cikakken rahoton tasirin aikin ga muhalli. Mai gidan mai kuma yana da ƙarin ƙofa, don sai ya samu lasisin NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da sarrafawa da sayar da man fetur, wadda ta gaji wannan aikin daga tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne sauya amfanin fili. Unguwa ta bunƙasa, titi ya samu kwalta, sai mai gida ya fasa katangar gaba ya jera shaguna, bayan 'yan shekaru ya rushe gidan gaba ɗaya ya tayar da plaza. Takardarsa har yanzu gidan zama ta ce. A idon doka wannan sabon aiki ne da ke bukatar a nemi sauyin amfani tukuna, a biya kuɗinsa, sannan a kai sabon zane. Kasancewar duk layin haka aka yi ba hujja ba ce, sai dai ranar da aka zo da jan fenti duk layin za a shafa wa.

Sai maganar tazara. Babu wanda ake bari ya cika filinsa da gini daga iyaka zuwa iyaka. Akwai ratar da za a bari daga titi, da ta gefe, da ta baya. A manyan hanyoyin tarayya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, kuma a ƙarƙashin babban layin lantarki mai ƙarfin 330kV akwai fili mai faɗin mita 50 da ba a gini a cikinsa. Haka magudanar ruwa. Wanda ya sayi fili a irin waɗannan wurare, ko da takardar cinikin mai unguwa da shaidu goma, babu hukumar da doka ta ba ikon ta amince masa.

Takardun da ake haɗawa ba su da wani sirri: shaidar mallaka, taswirar awon fili, shaidar biyan haraji, sai zane-zane. Zanen fasali daga mai zanen gini da ke da rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, zanen ƙarfin gini da lissafinsa daga injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, sai na wutar lantarki da na famfo. Idan bene ne akan nemi sakamakon gwajin ƙasa, wanda shi ke nuna irin fandishon da wurin zai ɗauka, domin ƙasar fadama ko tsohon kududdufi da aka cike da shara ba ɗaya take da jangargari ba. Akwai wata mummunar ɗabi'a a nan da kowa a harkar ya sani: a sa yaro ya zana a kwamfuta, a kai wa mai rajista ya buga hatimi a ba shi na goro, alhali bai taɓa taka filin ba. Takarda ta cika, amma babu wanda ya yi lissafin nauyin.

Mutane da yawa suna ɗauka da an karɓi izini an gama da hukuma. A gaskiya daga nan ne rabin aikin na biyu ke farawa, wato duba gini. Ƙa'idar gini ta ƙasa da aka fitar a 2006 ta tanadi a riƙa tabbatar da aiki mataki bayan mataki. Ana zuwa lokacin da aka ja igiya aka kafa turaku, a ga ko ginin ya zauna inda zane ya ce. Ana zuwa an haƙa fandisho kafin a zuba kankare. Ana zuwa a kowane dakin, wato daɓen kankaren da ke raba hawa da hawa, sannan a rufi, sannan a wayoyi da bututu.

Dubawar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta kafin zuba dakin, don abin da kankare ya rufe ya rufu ke nan. Mai dubawa zai hau kan katakon da za a zuba kankaren a kai, da zane a hannu. Zai duba kaurin rodi: inda aka rubuta mai milimita 16, shi aka sa ko an saƙa mai 12? Zai sa tef ya auna tazarar da ke tsakanin rodi da rodi, ya ƙirga zobban da aka ɗaure ginshiƙi da su, ya duba tsawon da aka haɗa bakin rodi biyu, ya leƙa ƙasa ya ga ko an sa 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ke ɗaga rodin daga kan katako don kankare ya lulluɓe shi. Ranar zubi kuma akan ɗebi kankaren a cika wasu ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 150, a jiƙa su a ruwa, a kai ɗakin gwaji a matse su da inji a kwana 7 da kwana 28. Lambar da ta fito ita ke nuna ko buhunan simintin da aka biya sun shiga cikin ginin ko sun bi wata hanya.

Ga yadda matsala ke farawa a mafi yawan lokuta. An kai hawa na biyu, 'yan kasuwa sun fara zuwa da kuɗin haya tun kafin a yi filasta, sai mai gini ya kira injiniyansa.

"Injiniya, mu ɗora ɗaya mana, tunda ga mutane na nema."

"Ranka ya daɗe, fandishon na hawa biyu muka lissafa. Sai an sake lissafi an koma hukuma."

"Haba, wancan na gabanmu ba huɗu ya yi ba? Allah zai kiyaye."

Idan injiniyan ya tsaya a kan bakansa, sau da yawa sallamarsa ake yi a bar wa birkila aikin. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe fiye da mutum 40 har da mai ginin, shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya ce hawa 15 aka amince a yi. Daga baya kuma aka ga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun 2020 yana janye hannunsa. Wato takarda akwai ta, bin ta ne ba a yi ba, kuma ginin ya yi ta tashi a tsakiyar unguwar da ta fi ko'ina tsada a ƙasar kowa na kallo.

Idan hukuma ta ga an kauce, akwai matakan da doka ta shimfiɗa: takardar gargaɗi, umarnin tsayar da aiki, rufe wurin, sannan rusau idan abin ba ya gyaruwa. Jan fentin da ake gani a bango alamar an fara wannan tafiyar ce. A nan dole a faɗi laifin ɗaya ɓangaren. Fayil yakan yi watanni a kan tebur, masu dubawa ba su kai yawan gine-ginen da ke tashi ba, kuma wasu jami'an idan sun zo ba rodi suke dubawa ba, aljihun mai gini suke dubawa. Wannan ne ya haifar da dillalan da ke tsayawa a bakin ofis suna cewa za su fito maka da takarda a mako guda. A ganina wanda ya bi ta hannunsu ya fi wanda bai nema ba shiga haɗari, don shi yana barci da tunanin yana da izini. Rasit ɗin biyan kuɗi ba izini ba ne, haka ma takardar harajin ƙaramar hukuma.

Mataki na ƙarshe shi ne shaidar kammala gini da dacewarsa da shigar mutane. Bayan dubawar ƙarshe ne ake bayar da ita, idan abin da ke tsaye ya yi daidai da zanen da aka buga wa hatimi, an gwada wuta, an ga kayan kashe gobara da hanyoyin fita. Legas ce ta fi matsawa a kanta. A yawancin garuruwanmu na Arewa shagunan ƙasa sukan cika da kaya da mutane alhali leburori na zuba kankare a sama. Mai shirin kama shago ko sayen rumfa a sabuwar plaza yana da damar ya ce a nuna masa zanen da aka amince da shi, ya ƙirga hawan da ke kan takarda, sannan ya fita waje ya ƙirga na ginin kafin ya biya kuɗin shekara biyu.