Tambayoyin da Ake Ta Yi Mini Kan Littattafan Matasa na Turawa

Shekara uku ke nan da na ƙwace wani littafi daga hannun ɗalibata ana tsakiyar darasi, na jefa shi a jaka da niyyar mayar mata ranar Juma'a. Da dare na buɗe shi, ban rufe ba sai da aka kira assalatu. Tun daga ranar nake karanta irinsu, kuma tambayoyi ba su ƙare ba, a ɗakin malamai, a gidan biki, a bakin ƙofar makaranta. Kullum su ne dai. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Mene ne ma littattafan matasa?

Waɗanda ake rubuta wa 'yan shekara 12 zuwa 18, jarumin labarin ma sa'ansu ne. Masu shagon littattafai a Amurka da Ingila suna rubuta YA a jikin kantarsu. A ƙarƙashin sunan akwai na soyayya, na tsafi, na yaƙi, na jinya.

Da girmanki, ba ki jin kunya?

A'a. Wa ya girma a Najeriya a shekarun 1980 bai bi layin aron littattafan Pacesetters ba? Mu da muka riƙa ɓoye littattafan soyayya na Kano a tsakiyar littafin lissafi, yau mu ne za mu yamutsa fuska? Kuma yara 40 ke zaune gabana kullum. Abin da ke shiga kansu ya shafe ni.

Wanne ne ya hana ki barcin?

The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008. Ƙasa ce mai gundumomi 12, duk shekara gwamnati na ɗaukar yaro ɗaya da yarinya ɗaya daga kowace gunduma ta hanyar ƙuri'a, a zuba su 24 a fili su kashe juna ana nunawa a talbijin. Ƙuri'a ta faɗa kan wata 'yar shekara 12, sai yayarta Katniss mai shekara 16 ta ce a ɗauke ta a madadinta.

Ɗalibaina kwari da bakan Katniss suke gani, da gardamar wane saurayi ya fi dacewa da ita. Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda ake shirya ƙuri'ar. Yaron da babu abinci a gidansu zai iya karɓar hatsi da mai daga gwamnati, amma duk karɓa ɗaya sai a ƙara sunansa sau ɗaya a cikin tulun ƙuri'a. Ɗan mai hali ba ya bukata. Babu wanda ya ce ɗan talaka za a kashe, an dai tsara abin yadda shi zai fi fitowa.

Sai kuma uwar. Mijinta ya mutu a fashewar ramin haƙar gawayi, ita kuwa ta zauna ta zuba wa bango ido, ba ta girki, ba ta magana, 'ya'yanta na neman mutuwa da yunwa. Katniss ta kasa yafe mata, 'yan ajina ma haka. Ni na yi takaba. Na san safiyar da ɗaga ludayi ke gagarar mutum. Da ina 16 na karanta, da na tsine wa matar nan, amma a 44 kuka na yi mata.

Twilight fa? 'Yan mata na mutuwar sonsa.

Na sani, shi ya sa raina ke ɓaci. Stephenie Meyer ta fitar da shi a 2005. Yarinya 'yar 17 ta kamu da son wani mashayin jini da ya haura shekara 100 a duniya amma fuskarsa ta saurayi. Yana shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba, ya zauna yana kallonta tana barci. A littafi na uku har lalata mata mota ya yi don kada ta je wajen wani abokinta. Duk wannan a matsayin tsananin so aka kawo shi.

Ku ji ni da kyau, 'yan mata: namijin da ke bin sawunki, yana yanke miki wanda za ki gaisa da shi tun kafin a kai sadaki, ba sonki ne ya yi masa yawa ba. Na ga inda irin wannan ke ƙarewa, a gidajen ƙawayena.

Gaskiya ɗaya zan ba marubuciyar. A littafi na biyu, da ya tafi ya bar ta, shafuka ne a jere babu komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Duk wadda aka taɓa yaudara ta san wannan.

Harry Potter ba tsafi ba ne?

Akwai tsafi a ciki, makarantar koyon sihiri ce ma. Fatawa ta malamai ce, ku kai musu. Abin da zan ƙara kawai, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da muka karanta a firamare cike yake da aljannu. Ni abin da ya fi damuna shugaban makarantar ne, da ya ajiye jariri maraya, wato Harry, a ƙofar gidan yayar uwar yaron da ba ta ƙaunarsa, ya bar shi shekara 10 yana kwana a ƙuryar ƙarƙashin matakala.

'Yata tana da shekara 13, ta dame ni in saya mata. Wanne zan saya, wanne zan hana?

Wannan ita ce tambayar gaske, kuma ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowane gida.

Da farko, Hajiya, kada ki dogara da bango. Bango mai furanni da launin hoda ba shaida ba ne. It Ends with Us na Colleen Hoover, na 2016, littafin manya ne a kan aure mai duka, amma a TikTok tare ake jera shi da na yara. Jerin A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas an fara sayar da shi a 2015 a matsayin na matasa, daga baya aka mayar da shi kantar manya, domin akwai kwanciyar mace da namiji filla-filla a ciki. Waɗannan biyu, ga 'yar 13, ni dai a'a.

Sauran kuwa ya danganta. Ki duba shekarun jarumar: in ta girmi 'yarki da shekara ɗaya ko biyu, yawanci ba matsala, in 17 ce ko 18, ki tsaya ki duba. Amma wannan ma ba ma'auni ba ne cikakke, don Katniss 16 take kuma babu batsa a littafinta, jini ne kawai. Wata yarinyar za ta karanta ta yi barcinta lafiya, wata kuma mutuwar Rue, wata ƙaramar yarinya cikin waɗanda aka zuba a filin, za ta bi ta mako guda. Ke kika san taki.

Ɗauki The Fault in Our Stars na John Green, 2012. Yarinya ce mai ciwon daji da ya kama huhunta, tana yawo da tukunyar iskar numfashi, ta haɗu da yaron da cutar ta cinye wa ƙafa ɗaya. Littafi ne mai mutunta maras lafiya, ya sa ni hawaye sosai. Sai dai akwai wurin da suka kwana tare a otal a Amsterdam. Ba a zurfafa bayani ba, amma yana nan, kuma an nuna shi a matsayin abu mai kyau. Zan ba 'yar 16 in muka zauna muka yi magana a kai. 'Yar 13, wataƙila in jinkirta. In kuma an yi rasuwa a gidan kwanan nan, zai iya zame mata magani, zai iya fama mata ciwo.

Abin da nake yi shi ne in karanta shafi 50 na farko, in tsallaka wajen kashi biyu cikin uku, inda aka fi ajiye irin waɗannan wurare, sannan in duba ƙarshe. In Turancin ya yi miki nauyi, ba abin kunya ba ne, ki ba ƙanwarki ko malamarta. Kuma ki kwantar da hankalinki, yarinyar da ta zo ta tambaye ki ba ta lalace ba. Wadda kika hana da tsawa, gobe ƙawarta za ta turo mata shi ta WhatsApp ta karanta a cikin bargo, ta daina gaya miki komai.

Babu na 'yan Najeriya?

Akwai. Akata Witch na Nnedi Okorafor, 2011, labarin wata zabiya 'yar shekara 12. Da Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, 2018, wanda ya ɗebo daga gumakan Yarabawa. Na fi son na farko. Na biyun gudu ake ta yi daga farko har ƙarshe, ba a ba mutum damar numfashi.

Suna gyara Turanci?

Ƙwarai. Jimlolinsu gajeru ne. Yarinyar da ta cinye shafi 370 don daɗi ta fi wadda ta haddace ƙamus rubuta insha'i.

In an kalli fim ɗin ai ya wadatar ko?

Bai wadatar ba. A littafi cikin kan Katniss kike zaune, kina jin lokacin da take murmushin ƙarya wa kyamara don a aiko mata da magani. A fim murmushin kawai za ki gani.