Kallon batsa, damuwar zuciya da abin da mutum ya ɗauka game da jima'i

Yaushe likitoci suke ɗaukar kallon batsa a matsayin lalura?

Ba yawan kallo kaɗai suke dubawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka mai suna ICD-11 wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta amince da lalurar kasa danne sha'awar jima'i, kuma kallon batsa da ya fi ƙarfin mai shi yana iya shiga ƙarƙashinta. Sharaɗin shi ne mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa na tsawon lokaci, kamar wata 6 ko fiye, har abin ya shafi aikinsa, ko aurensa, ko lafiyarsa. Hukumar ta sanya lalurar cikin matsalolin kasa mallakar kai, ba ta haɗa ta da jarabar ƙwaya ko ta barasa ba.

Damuwa ce take jawo kallon, ko kuwa kallon ne yake jawo damuwa?

Galibi kowanne yana rura wutar ɗayan. Bincike ya sha nuna cewa masu wannan matsala sun fi fama da baƙin ciki, fargaba da kaɗaici, kuma waɗanda suke kallon domin su mance da ƙuncin da suke ciki sun fi faɗawa cikinta. A duba mutumin da barci ya ƙaurace wa saboda saɓani da iyalinsa ko bashin da ke wuyansa: ya jawo waya cikin dare, ya samu sauƙi na ɗan lokaci, sannan kunya ta lulluɓe shi, ya goge duk abin da ya buɗe, ya yi alkawarin ba zai sake ba. Washegari damuwar tana nan yadda take, ga kuma tsanar kai da ta ƙaru, alhali zuciyarsa ta riga ta koyi mafaka guda ɗaya tak.

Ina akidar mutum take shigowa?

Masanin halayyar ɗan Adam Joshua Grubbs na Amurka da abokan aikinsa sun nuna a 2019 cewa saɓani tsakanin abin da mutum ya yi imani da shi da abin da yake aikatawa yana da alaƙa mai ƙarfi da ɗaukar kansa a matsayin wanda jaraba ta kama, ko da kuwa ba ya yawan kallon. ICD-11 ma ta fayyace cewa damuwar da ta samo asali daga ganin abin a matsayin laifi kawai ba ta isa a ce lalura ce ba. Wannan ba raina nadama ba ne, domin zafinta gaskiya ne. Bambancewar tana da amfani ne saboda taimakon da kowanne yake buƙata daban yake.

Akwai kuma wasu tunane-tunane da suke ƙara dagula lamarin, irin su ɗauka cewa namiji ba zai taɓa iya haƙuri da sha'awa ba, ko cewa abin da ake shiryawa a gaban kyamara shi ne mizanin jima'i tsakanin ma'aurata.

Me yake taimakawa?

Zama da ƙwararren masanin halayya, musamman mai bin hanyar CBT, wadda take koya wa mutum gane yanayin da yake tunzura shi da kuma gyara tunaninsa. Idan akwai ciwon damuwa ko fargaba a ƙarƙashin matsalar, wajibi ne a yi maganinsu tare, domin toshe shafukan intanet kaɗai ba ya kawar da abin da yake kora mutum zuwa gare su.