Wariya Mai Ninki Biyu ga Mata a Wurin Aiki

Wariya mai ninki biyu ita ce wadda ma'aikaciya ke fuskanta saboda kasancewarta mace haɗe da launin fatarta, ƙabilarta ko asalinta, duka a lokaci guda. Malamar shari'a 'yar Amurka Kimberlé Crenshaw ce ta fito da batun fili a 1989.

Hujjarta ita ce ƙarar da mata baƙar fata biyar suka kai kamfanin General Motors, wadda aka yanke hukuncinta a 1976. Kamfanin bai ɗauki mace baƙar fata aiki ba kafin 1964, don haka da aka zo rage ma'aikata bisa tsarin sallamar sababbin shiga, su aka kwashe. Kotu ta ƙi haɗa ƙorafin biyu, na jinsi da na launin fata, wuri guda. Ta ce ai kamfanin yana ɗaukar mata, ba ta kuwa damu ba cewa farare ne.

A Najeriya launin fata ba shi ne abin dubawa ba, asali ne. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda jinsi, ƙabila, addini ko mahaifa, amma rabon guraben aikin gwamnati yana bin takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Nan matar aure ke shiga tsaka mai wuya. Tun da aka cire Gombe daga Bauchi a 1996, 'yar Darazo ta Bauchi da ke aure a Dukku ta Gombe ta zama 'yar wata jiha. In ta nemi aiki ko ƙarin girma a jihar mijinta ana iya ce mata baƙuwa, in ta koma gida a ce ai ta bi miji. Namiji ba ya gamuwa da wannan, domin aure ba ya taɓa asalinsa.

Abin bai bar manya ba. A 2020 Majalisar Dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin Babbar Alƙaliyar jihar saboda asalinta Akwa Ibom ne, duk da cewa mijinta ɗan jihar ne kuma a can ta yi aikinta. Sai a 2021 aka rantsar da ita. A watan Maris 2022 kuma Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirin da zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure.