Manhajar bibiyar masu korona: wa ke ganin bayananka?

Tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa tun 2020, kuma duk ranar da wata annoba ta sake ɓulla za su dawo. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Manhajar tana sauraren kirana ko karanta saƙonnina?

A'a, ba aikinta ba ne. Idan ta nemi izinin makirufo, hotuna ko lambobin mutanen da ke wayarka, ka hana ta. Babu abin da ya haɗa bibiyar cuta da su.

To ta yaya take sanin na kusanci mai cutar?

Da Bluetooth. A tsarin da Apple da Google suka sanar a Afrilun 2020, wanda aka daina aiki da shi a 2023, wayarka tana fitar da wasu lambobin sirri da ke canzawa duk bayan minti 10 zuwa 20. Wayar wanda ke kusa da kai ta ɗauka ta ajiye, taka ma ta ajiye tasa, na tsawon kwana 14. Babu suna, babu lambar waya, babu wurin da kuka haɗu. Wanda gwaji ya nuna ya kamu, in ya yarda, sai ya tura lambobinsa. Wayarka ta sauko da su ta gwada da waɗanda ta ajiye, kuma a cikin wayar ake wannan gwadawa.

Kenan duk manhajojin gwamnati haka suke?

Ina! A nan gizo ke saƙa. Wasu suna barin bayanai a wayarka, wasu kuwa suna kwashe su zuwa rumbun gwamnati. Manhajar Smittestopp ta farko ta Norway ta riƙa ɗaukar wurin da mutum yake ta GPS tana turawa rumbu guda. A Yunin 2020 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ce kutsen da manhajar ke yi wa sirrin mutane ya wuce amfaninta, aka dakatar da ita aka goge bayanan. A watan ne Amnesty International ta sa ta cikin mafi muni tare da na Bahrain da Kuwait. Aarogya Setu ta Indiya ma ta haɗa GPS da Bluetooth. A Qatar, inda aka wajabta manhajar Ehteraz, an gano wata kafa a Mayun 2020 da za a iya bi a ga sunaye, lambobin katin shaida da matsayin lafiyar mutane fiye da miliyan ɗaya, kafin a toshe ta. Saboda haka ku daina tambaya ko "manhajar korona" tana da haɗari. Ku faɗi wacce.

Idan ba ta bin sawuna, me ya sa ta ce in kunna maɓallin wurin da nake?

Kwantar da hankalinka. A wayoyin Android da ke ƙasa da Android 11, ba a iya laluben Bluetooth sai wannan maɓallin yana kunne. Tsarin Apple da Google ya hana manhajojin da ke kansa neman GPS. Amma idan maɓallin yana kunne, sauran manhajojin da ka ba izini suna ganin inda kake, don haka shiga saituna ka janye musu.

Minista ya ce 'yan sanda ba za su taɓa bayanan ba. Bai isa ba?

Bai isa ba, kuma abin mamaki ne a ce har yanzu ana tambaya. Haka aka faɗa wa mutanen Singapore game da manhajarsu TraceTogether. A Janairun 2021 gwamnati ta amsa a majalisa cewa 'yan sanda na iya karɓar bayanan don binciken laifi, sai da aka yi ca a kanta sannan ta yi doka a Fabrairu ta taƙaita abin ga manyan laifuka iri bakwai. A Yammacin Ostireliya 'yan sanda sun yi amfani da bayanan manhajar SafeWA, aka yi dokar gaggawa a 2021. A Mainz ta Jamus sun samo bayanan manhajar Luca don neman shaidu. A lardin Henan na China kuwa, a 2022, an mayar da alamar lafiyar da ke wayar wasu masu ajiya a banki ja, alamar da ke hana mutum zirga-zirga, don a hana su zuwa neman kuɗinsu, har aka hukunta wasu jami'ai. Abin da za ka nema shi ne doka rubutacciya da ta faɗi wa zai gani, don me, da ranar gogewa.

Idan na kamu na danna sanarwa, za a gane ni ne?

Ya danganta, kuma duk wanda ya ba ka amsar kalma ɗaya bai yi maka adalci ba.

A tsarin da ke barin bayanai a waya, saƙon da ke zuwa wa mutane ba ya ɗauke da sunanka. Amma mutane suna da hankali. Wanda bai fita ba duk mako, kai kaɗai ka ziyarce shi, ba ya buƙatar suna. Wasu manhajojin ma suna nuna ranar haɗuwar, abin da ke ƙara sauƙaƙa lissafi. A ofis mai mutum huɗu, uku sun sami saƙo, na huɗu bai zo aiki ba, ai magana ta ƙare.

Akwai kuma hanyar masu fasaha. Lambobin da wayarka ta fitar a rana guda duk daga wata lamba ɗaya da ake kira makulli suke fitowa, kuma makullin kake turawa. Wanda ya dasa na'urar ɗaukar Bluetooth a bakin ƙofa tare da kyamara zai iya haɗa fuska da lamba daga baya. Yana yiwuwa, amma yana buƙatar shiri da niyya, ba abin da maƙwabci zai yi da wayarsa ba ne. Hukumar lafiya kuwa ta riga ta san ka, tunda ita ta yi gwajin, kuma yawanci daga wurinta lambar da kake sa wa a manhaja don tabbatar da ka kamu take fitowa.

Idan manhajar mai rumbun tsakiya ce, wadda ka yi rajista da lambar waya ko katin shaida, lissafin ya canza. A nan ba kanka kaɗai kake miƙawa ba, har da jerin waɗanda ka zauna da su, alhali ba ka tambaye su ba.

Shawarata: ga yawancin mutane, a tsarin da ke barin bayanai a waya, ka danna. Wanda ya zauna kusa da kai a mota ba shi da wata hanyar sani, kuma wataƙila akwai tsohuwa a gidansa. Makusantanka kuwa ka kira su da bakinka kafin saƙon ya riga ka. Amma idan fallasar za ta iya jawo maka kora daga aiki, ko duka a gida, ko kai ɗan jarida ne da ke ganawa da majiya a ɓoye, to ka dakata ka duba wane irin tsari ne tukuna. A irin wannan hali sanar da mutane kai tsaye na iya fi maka.

Saƙo ya zo min. Na kamu kenan?

A'a. Bluetooth ba ta san bango ba. Mai cutar na iya kasancewa a ɗakin da ke jikin naka, ƙarfin siginar kuma yana canzawa idan waya tana aljihu ko cikin jaka. Manhajar Ingila ta ɗauki kusan mita 2 na minti 15 a matsayin haɗari, kuma duk ƙiyasi ne. Je ka yi gwaji.

An turo min mahaɗin saukewa ta WhatsApp, in danna?

Kada ka kuskura. A 2020 an yi manhajojin bogi masu kama da na gwamnati, har da wadda ke kulle fayilolin waya ta nemi kuɗin fansa a Kanada. Bi ta shafin ma'aikatar lafiya zuwa Play Store ko App Store, ka duba sunan wanda ya wallafa. Kuma manhajar gaske ba ta neman lambar katin banki.

Tana cin batir?

Kaɗan, in Bluetooth kawai take amfani da shi. Mai GPS ta fi ci.

Annoba ta lafa, cire manhajar ya wadatar?

Ga mai barin bayanai a waya, e. Ingila ta rufe tata a Afrilun 2023. Ga mai rumbun tsakiya, cirewa ba ta goge abin da ya riga ya tafi. Kafin ka cire, nemi wurin soke rajista ko janye amincewa a cikin manhajar, ka ɗauki hoton tabbacin da ta nuna. In babu, rubuta wa hukumar da ke riƙe da bayanan ka nemi a goge, ka ajiye kwafin takardar.